Kujerar Yaya Maryama a Gidan Umm Sabri

Ina gugar rigar maigidan da nake wa aiki a unguwar Dokki, a Alƙahira, maƙwabciyarmu ta kira ni. Ta ce Yaya Maryama ta faɗi a matakalar gidanmu na unguwar Faisal tana shirin fita aiki, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar, na ƙarasa gugar rigar. Ban fahimci abin da aka gaya mini ba sai da aka ba ni buta in zuba ruwa wajen wankanta. Na ga hannayenta a ajiye, ba sa yin komai. Shekara tara muna ɗaki ɗaya, wuri guda kawai na taɓa ganin hannayen nan a haka.

Ni da Yaya Maryama ba uwarmu ɗaya ba. Daga garin Gadarif, can ƙasarmu, muka fito mu biyu, a Alƙahira muka haɗu, ta ba ni rabin katifarta, ta samo mini aiki. Ita girki take yi a gidajen mutane, ni shara da wanki. A tsaye muke cin abinci, a kicin, bayan masu gida sun tashi.

Amma duk shekara, idan masu hutun zafi sun watse, sai ta ce, "Yalla, Zinatu, ɗaure kayanki." Mu hau mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa wani ƙauye a bakin teku kusa da Baltim. Akwai wani ɗan masauki mai ɗaki biyar, na wata tsohuwa Bamisiriya, Umm Sabri. Kwana biyu muke yi. Tebur huɗu ne a barandar, iska tana ɗaga ledar da aka shimfiɗa a kansu. Umm Sabri takan gasa kifin buri, ta kawo da jar shinkafa da lemun tsami, ta ajiye a gabanmu da hannunta.

Dokar Yaya ɗaya ce a wurin: ba a tashi. Ni kuwa na kasa. Kafin gari ya waye na gyara gado, na wanke banɗaki. Da mun gama ci sai in fara haɗa faranti. Yaya takan take bakin tob ɗina, lafayar da nake naɗawa, da ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Zauna, 'yar nan. Kujerar cizonki take yi?"

"Yaya, matar nan ta girme mu."

"Ta girme mu, kuma yau mu ne baƙinta. Bar ta ta samu ladanta."

Ita sai ta ɗora hannayenta a kan cinya, ta zuba wa teku ido, ta bar ƙayar kifi a faranti, har ta nemi ƙarin shayi. Na ɗauka da sauƙi take yi. Daga baya ta gaya mini zuwanta na farko ɓoyewa ta yi a ɗaki ta wanke tawul ɗin masaukin duka. Ta ce, "Shekara uku na yi ina koyon zama. Ya fi koyon girki wuya." Takan kuma ce, "Wadda ba ta taɓa zama an yi mata hidima ba, mantawa take yi ita ma mutum ce."

Bara wasu baƙi suka sauka a teburin kusa da namu. Wata mata a cikinsu ta dube ni, ta ɗaga kofi, ta ce in kawo musu ruwa. Kafin in yi tunani na miƙe, na shiga kicin, na kawo. Umm Sabri ta fito tana faɗa, tana cewa mu ma baƙinta ne. Matar ta ce ma'alish, a yi haƙuri, ba ta sani ba. Yaya ba ta ce wa matar uffan ba. Ni ce ta ƙi yi wa magana har la'asar. Muna tafiya a kan yashi ta ce, "Ba laifinta nake gani ba. Ke ce kika tashi." Sannan ta kama hannuna. "Baɗi, in Allah ya kai mu, za ki zauna tun daga bismillah har a ɗauke kofin shayi. Ina so in gani da idona. Khalas, magana ta ƙare?" Na ce khalas.

Kwana uku na zaman makoki ni ce nake raba shayi. Mata suna cewa in zauna, ni aka yi wa rasuwa. Na ce to, na ɗauki tire. Har yau hawaye bai zo mini ba. Ina tashi, ina zuwa aiki, ina dawowa, ina kwana a gefena na katifar.

Shekaranjiya Umm Sabri ta kira. Ta ce masu hutu sun tafi, ɗakinmu yana nan, buri ya yi ƙiba bana. Ta ce, "Ina Maryama? Ba ta ɗaga wayata." Na ce tana nan. Na ce zan sake bugo mata waya.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Maryama. Ta ciyar da mutane da yawa tana tsaye. Ka zaunar da ita a Aljanna, ka sa a yi mata hidima. Ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta. Ka ba mahaifiyarta da 'yarta Amna, da suke can Gadarif, haƙurin rashinta, ka zame musu gata. Wanda ta ɓata wa, don Allah ya yafe mata.

Ban yi zaman da na yi mata alkawari ba. Umm Sabri kuma har yanzu ban gaya mata ba.