Yaya Habu Ba Ya Barin Waya Ba Sallama

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Habu, mai shagon intanet a Bagama, amma har yau in na ji yaro ya ce "netiwok ya yi dropin" sai raina ya ɓaci, in tuna shi.

Kwamfuta shida ce a shagon, sabis kuwa sai ya ga dama. Ana tsakiyar cike fom sai komai ya tsaya cak. Wannan ya ce "e don kot", wancan ya ce "ya yi dropin". Yaya yakan ce a kira shi da kowane suna, layi dai ya yanke, kuma akwai mai jira a ɗaya ɓangaren. In waya ta katse masa, ko da "a gai da gida" kaɗai ya rage, sai ya sake kira. Ya taɓa hawa babur har Gauraka neman sabis don ya yi wa wani tsoho sallama. Na ce wannan ɓarnar mai ce. Ya ce, "Ladidi, zumunta a ƙafa take. Don ta koma waya ba za a bar ta a rataye ba."

Yau ga ɗansa Nasiru yana aiki a Abuja, nan kusa da mu. Mahaifiyarsa ta kira shi, minti biyu sai ɗif, ta zauna riƙe da waya har la'asar. Da na tsare shi sai ya ce, "Gwaggo, wallahi netiwok ne ya yi dropin." Dropin ɗin ƙaniyarka! Sabis ɗin da ka kalli ƙwallo da shi ne ya kasa kai ka wurin uwarka? Da Yaya na nan, da bai damu da Turancin ba. Rashin sake kiran ne zai hana shi cin tuwo.

Sai na gaya wa Nasiru abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da motarsu ta yi hatsarin da ya yi ajalinsa, ubansa ya kira ni daga Diko kafin abin ya faru, layi ya yanke. Ya sake kira sau biyu, ina suya, ban ɗauka ba, na ce a raina zan neme shi anjima.

Shagon ya zama wurin aski, kwamfutocin sun tafi bola. Abin da ya rage mana na Yaya shi ne sake kira. Na miƙa wa Nasiru wayata, na ce, "Kira ta yanzu, ina tsaye. Ni shekara takwas ina neman inda zan yi sallama."