Harshen da ya yi yaji

Jikana Habibu shekararsa huɗu, kuma duk wani abu kore ya ɗauke shi abokin gaba. In ya hango ɗigon ganye a miya, sai ya ture kwanon da yatsa ɗaya kamar an ajiye masa mushen ɓera. Farar shinkafa da mai, burodi, biskit, nan duniyarsa ta tsaya. Likita a nan Parakou ta ja ƙasan idonsa ta duba, ta ce jininsa ya yi ƙasa. Ta rubuta siro, maganin sha na ƙarin jini, ta kuma ce siro kaɗai ba zai riƙe shi ba muddin bai ci ganye ba. Uwarsa ta yi lallashi, ta yi alkawarin alewa, ta yanka shu, wato kabeji, da karoti ƙanana ta ɓoye cikin taliya. Yaron ya zauna ya tsince su tsaf ya jera a bakin faranti. Ni da na baro Djougou na zo unguwarsu Kpébié don in huta, sai ga ni ina bin ɗan mutum da cokali daga ɗaki zuwa tsakar gida, gwiwoyi suna ƙara.

"Maigida, loma ɗaya kawai," na ce masa.

"Ke ki ci. Ai ke ce tsohuwa."

Na ajiye cokalin na zauna ina haki. A nan kakata ta faɗo mini a rai.

Gidanmu a Djougou gidan fatake ne, hanyar goro ce ta kawo kakanninmu. Miyarmu kuka da kuɓewa, duk ganyen da ba mu gada ba kuwa ciyawa muke kiransa. Amma Kaka Delu tana da ƙawa, wata 'yar ƙabilar Yom daga Kolokondé, wadda duk ranar kasuwa take sauke mata ƙunshin ganyaye: gboma mai ɗan ɗaci, ganyen rogo, ganyen dankali, da wasu da har yau ban san sunansu da Hausa ba. Matan gida su taɓe baki, Kaka ta dafa abinta.

Bayan an ci tuwo takan ja tabarma kusa da murhu, wuta ta zama garwashi, ta ajiye wata 'yar akushi rufe da faifai a gefen ƙafarta. "Mai kunne ya matso da shi," take cewa. Mu ce, "Mun matso."

Tatsuniyar ta 'yar wani madugu ce. Yarinyar tana bin ayarin ubanta gari gari, amma ba ta cin komai sai miyar kukar da uwarta ta ƙulle mata a salka. Rannan harshenta ya gaji, ya ce, "An zaga da ni ƙasashe, kullum kuka. Ni na tafi." Ta wayi gari baki wayam, harshe ya yi yaji. Ba ta iya gaida ubanta, ba ta iya kiran jakinta. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta ce ta ga wucewarsa, ya shiga gonakin mutane yana ɗanɗane-ɗanɗane, kuma ba zai dawo ba sai yarinyar ta sa a bakinta abin da ya ɗanɗana a ƙarshe. Sai ta kama hanya, ta fara da gonar gboma.

Daidai nan Kaka take ɗaga faifai, ta ɗibar wa kowa ɗan tsunkulen dafaffen ganyen a tafin hannu.

"Ku sa a baki mu ji ko ya zo. Wanda bai so ba, ga toka nan, ya tofa."

Mu sa, mu yamutsa fuska, mu tofa.

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"To, ya riga ya tsallaka wata gonar. Ku tashi, barci nake ji."

Ba ƙaramin haushi wannan tsohuwa take ba mu ba. Washegari a je gonar rogo, jibi kuma sai mu ji an koma gonar gboma. Na ce, "Kaka, ai an riga an je nan." Ta ce, "Harshen ne ya koma. Ni na aike shi?" Ba ta taɓa ce wa kowa ya haɗiye ba. Kafin damina ta ƙare ina cin sakwara da miyar gboma har in nemi ƙari, ita kuma ba ta ko ɗaga kai ta dube ni. Da na matsa mata ta gaya mini ko harshen ya dawo, cewa ta yi, "Da bai dawo ba, da me kike damuna?"

Da na haifi nawa, ganyen na riƙe, tokar na bari a baya. Aiki ya yi mini yawa, ba ni da lokacin zagaya gonaki. In yaro ya ƙi, in matse shi tsakanin cinyoyina, in toshe hanci, in yi masa ɗure, yadda na ga maƙwabta suna yi. Uban Habibu ne ya fi shan wannan. Yau ga shi da furfura a gemu, yana tuƙa babbar mota har Cotonou, amma in an kawo abinci sai ya tsince ganyen ya tara a gefe, ɗansa yana zaune yana kallon hannunsa.

Don haka na sa aka kashe tele, wato talabijin, aka hura gawayi a tsakar gida, na zuba toka a wani tsohon gwangwanin tumatir. Na ce uban ma ya zauna.

"Haba Inna, na gaji fa."

"Ni ma na gaji. Zauna."

Yaran yanzu ba sa barin tatsuniya ta yi tafiyarta. Ina farawa Habibu ya ce harshe ba shi da ƙafa. Na ce wannan yana da ita. Ya ce me ya sa ba ta kira shi a waya ba. Na ce da wane bakin? Da aka zo wurin ɗanɗano ya ɓoye hannuwansa a baya, sai da ya ga ubansa ya sa gboma a baki, ya runtse ido, ya tofa a gwangwani. Dariya ta kama shi har ya faɗi kan tabarma. Ya ce shi ma zai tofa.

Haka muka yi ta yi. Tofin ne ya fi ba shi daɗi, har yana gasa da ubansa. Uwarsa ta ce ni ina koya masa ƙazanta, likita kuma ganye ta ce ya ci, ba ta ce ya wanke baki da shi ba. Ni ma na duba idon yaron, yana nan fari. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayin tsohon aikinsa, in zauna a kansa.

Daren jiya na ce yarinyar ta shiga gonar rogo. Habibu, da ganyen rogon a baki, ya miƙe tsaye ya ce ƙarya ne, shekaranjiya aka je rogo, yau gonar karoti ce, ni ba na riƙe komai saboda tsufa. Yana cikin wannan masifa na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye bai sani ba. Uwarsa ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Kaka ba ta ɗaga kai: da ta yaba mini sau ɗaya, da na gane cewa aiki nake yi mata, in daina.

Ya leƙa gwangwanin ya ce, "Ina nawa?"

Na ce, "Ni na sani? Zauna, karotin ne, na tuba."

Loma ɗaya ba ta cika jini, na sani, da sauran gonaki a gabanmu. Amma shi wannan ya kama hanya. Uban ne har yanzu yake tofarwa kowane dare, yana goge baki da bayan hannu. Nasa harshen ya yi nisa, kuma na san wadda ta kore shi. Na ce masa gobe ma ya dawo da wuri.