Hawainiyar Likitan Ƙashi

Komai zan manta a aikin nan, ban da ranar Larabar da Dakta ya dawo mana da hawainiyarsa cikin kwalin takalmi. Ku da kuka fara aiki bana, ku buɗe kunne, don wata rana irinsa zai shigo muku.

Lokacin ina shekara ta shida a shagonmu na tsuntsaye da ƙananan dabbobi a unguwar Sulɗana, cikin Madina. Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai kafili, mai shagon, wanda ta hannunsa ake sabunta mana ikama, wato takardar zama. Ƙarƙashinsa akwai mudir, wato manaja, Abu Majid, sai masu sayarwa. Can ƙasa kuma ni, da aka rubuta wa "amil" a ikama, lebura ke nan. Ni ke wanke keji, ni ke kiwon gyare, ni na san abin da kowace dabba ke ci. Amma in ana maganar ilimi, ba a waiwayo inda nake.

Dakta mutumin ƙasarmu ne, likitan ƙashi a wani asibiti a garin nan. Wata biyu kafin wannan Larabar ya zo ya sayi 'yar hawainiya irin ta Yaman, mai tulluwa a ka, tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba. Ya ce so yake ta ƙawata masa falo. Da yake Bahaushe ne, mudir ya tura ni in yi masa bayani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan jaririya ce, kullum sai ta ci ƙananan gyare masu rai. Kafin ka ba ta, ka barbaɗe su da garin kalsiyam ɗin nan. Ga fitilar da ke maye mata gurbin rana, in babu ita garin ba zai shiga ƙashinta ba. Ruwa kuma fesawa za ka yi a ganye, ba ta sha a kwano."

Ya dube ni tun daga silifas har hula. "Sunanka wa?"

"Habu."

"To Habu, ƙashi sana'ata ce. Wannan alli ne kuka zuba a gwangwani. Fitila kuma, a Madina? Garin da rana ke korar mutum daga titi tun hantsi?"

Ya ɗauki hawainiya da gyare kaɗan, ya bar min gari da fitila a kan kanta.

Ranar da ya dawo, na buɗe kwalin. Tana kwance ta yi duhu, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, ko yatsana ta kasa riƙewa. Dakta bai yi min magana ba. Ya juya wurin mudir, da Larabci mai tsafta ya ce mara lafiya muka sayar masa.

Na daure na tambaye shi da Hausa, "Dakta, me take ci?"

Ashe tun makon farko gyare suka tsere suka shige bayan kujeru, suka hana Hajiya matarsa sakat da kuka, ta rantse ko ita ko su. Daga nan aka koma dama mata dabino da zuma ana ɗura mata. "Ajwa fa," in ji shi, "ba gama-garin dabino ba." Kejin kuwa yana bakin tagar gilashi, an saki labule, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na busa sanyi ba dare ba rana. Wannan fa shi ne mutumin da matan unguwarmu ke dawowa daga wurinsa da ƙwayar kalsiyam da umarnin su riƙa shan hantsi.

Bayan ya fita, mudir ya kira ni ofis. "Ya Habu, kai ka zaɓa masa ita. Ikamarka saura wata biyu. In ta mutu, halas, shi ke nan, zan gaya wa kafili kada ya sabunta."

Na ce, "Ya mudir, na gaya masa komai."

"Kai za ka koya wa duktur ƙashi?"

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, kuma na ji takaici fiye da tsoron. Ina da mata da 'ya'ya uku a garin nan, sai ga zamansu ya rataya a wuyan wata aba mai juya ido ɗaya gabas ɗaya yamma.

Likitan dabbobin da ke zuwa mana duk Alhamis ya duba ta, ya ba ni ruwan kalsiyam na ɗigawa a baki, ya ce shi ba ya shiga batun laifin wa. Na sa ta a ƙaramin keji, na saukar da rassa ƙasa don kada ta faɗo ta karye. Na kunna mata fitilar da aka raina. Gyarena na ƙosar da su da karas da ganye, in barbaɗe su, in miƙa mata ɗaya ɗaya da hantsaki, don harshenta ya daina harbi. Safe da yamma ina fesa ruwa ina roƙon Allah. Ban taɓa yi wa ɗan uwana jinya irin wannan ba.

A mako na shida, ina tsaye da tsintsiya, ta harba harshe ta cafke gyare da kanta. Sai da na zauna a kan bokiti.

Kafin Dakta ya zo karɓa, na je shagon buga takardu. Na faɗi maganar da na yi masa tun ranar farko, ban ƙara ko kalma ba, aka juya min ita zuwa Turanci, na dawo na buga hatimin shago. Da ya zo na miƙa masa. Ya gyara tabarau ya karanta yana gyaɗa kai.

"Ka gani ko, Habu? Wannan shi ne bayanin masana. Da ka ba ni wannan tun farko, da ba a kai ga haka ba. Ka samu wani ya fassara maka, za ka ƙaru."

Na ce, "In sha Allahu, Dakta."

Ya sayi gari, ya sayi fitila, ya yi wa mudir godiya hannu biyu. Aka sabunta min ikama, har yau "amil" ne a jiki.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan dabba ba ta da wuya, mai ita ne ke da wuya. Mutanenmu ba magana suke saurare ba, rigar mai maganar suke dubawa. Takardar nan da kuke miƙa wa masu saye, tawa ce, kuma kada wanda ya kuskura ya sa sunana a kai, in ba so kuke dabbobin mutane su mutu ba.

Hawainiyar tana nan da rai, sai dai ƙafarta ta hagu ba ta miƙe ba. An ce min in baƙi suka tambaya, likitan ƙashi yakan ce musu ai haka Allah ya halicci 'yan Yaman.