Muryar da ta Rage a Ƙarshen Kaset

Jiya ina tsallaka titi a Sharafiyya, nan Jidda, na ji wani matashi a shago yana ɗaure tsirkiyar jita, tana wannan kuka irin na mage. Cak na tsaya da ledar cefane a hannu, don ba abin da na tuna sai rufin gidanmu na Mahjar.

Kawuna, autan Kaka, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. A can ma'aikatan jirgi suka koya masa jin rokanrol, wani kiɗan Turawa. Daga sauraro sai ga shi da tsohuwar jita, ya jawo abokansa uku: wani Bahaushen Sudan mai ganga, wani makanike mai jitar da ke gurnani, da tela mai rera Turancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Ban san wanda ya riga su wannan kiɗa a unguwarmu ba. Lokacin ba a kiɗa a fili, sai su hau rufi bayan la'asar, gumi na zuba, su lulluɓe lasifika da bargo, da an kira magariba su watse. Kaka ta tsani abin. Cewa take ko kwanukan wanke-wanke in sun zube sun fi su daɗin ji.

Ita Kaka tana amarya ta zo aikin hajji, ba ta koma ba. Ba ta iya rubutu ba, don haka da kaset suke gaisawa da ƙanwarta ta Katsina. Alhazan bana su kawo muryar ƙanwar, ta shekara tana saurare. Sai na baɗi sun zo da sabo, sannan ta naɗi amsa a kan tsohon a koma da shi. Ko yaushe kaset ɗaya tal ne a akwatinta.

Ana saura kwanaki alhazai su fara sauka, wani mai ɗakin biki ya ce wa su Kawu su kawo kiɗansu ya ji. Kawu ya leƙo daga rufi ya ce da ni, "Yalla, maza samo mana kaset, ko wanne ne." Ina 'yar shekara tara, kuma duk shekara ina ganin ana naɗa a kan na Kaka, na ɗauka aikinsa ke nan. Na ɗauko, suka naɗa. Mai ɗakin biki ya ce hayaniya ta yi yawa, ya dawo da shi, na mayar akwati.

Alhazan suka iso ba kaset, sai ta'aziyya. Ƙanwar ta rasu tun da damina.

Da baƙi suka tafi Kaka ta miƙo mini kaset ɗin ta ce, "Kunna mini in ji ta." Na danna, sai ga ganga. Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ummi, ni ne. Ni na ɗauka." Ba ta bari an kashe ba. Muka zauna kusan rabin awa telan nan yana ta ihu. Da kiɗan ya ƙare aka ji shuu, sai wata siririyar murya: "...ki gaishe mini da yara, Yaya. Allah ya haɗa fuskokinmu." Iyakar abin da ya tsira ke nan.

A makon Kawu ya sayar da jitarsa, ƙungiya ta watse. Kaka kuwa ta hana a riƙa tura kaset ɗin gaba, wai kada zaren ya tsinke. Duk Juma'a sai ta saurari kiɗan nan daga farko har ta kai ga 'yar'uwarta. Har ta haddace shi. Sai ka ji ta ce, "To, nan telan zai shaƙe," kuma ya shaƙe ɗin. Na tabbata duk Jidda ba wanda ya saurare su kamar tsohuwar da ta fi kowa ƙin su.

Yanzu ana kiɗa a fili a bakin teku, jikokina kuma su aiko murya ta waya su goge, ko a jikinsu. Ni har yau ba na iya goge muryar kowa. Kaka ta rasu tana zaton autanta ne, Kawu ma ya bi ta bai taɓa gyara zancen ba. Kai da kake karanta wannan, kai ne na farko da na faɗa wa cewa ni ce na buɗe akwatin.