Kurkum a Sanƙon Malam Imoro

Shekara ashirin da biyu Mma Sahada tana haɗa man shafawa a unguwar Maamobi, ba a taɓa dawo mata da fuska a kumbure ba. Daga Tamale ake kawo mata man kaɗanya, ta cuɗa shi da garin zogale ko ganyen darbejiya. Dokarta ɗaya ce: duk sabon haɗi sai ya kwana biyu a jikin mijinta, Malam Imoro tela, kafin ya taɓa fuskar kowa. In bai yi ƙaiƙayi ba, ya shiga kwalba.

Bana 'yar ƙanwarta Ruhaina, mai karatun kimiyya, ta gaya mata kurkum yana da sinadarin da ke hana mai lalacewa, yana kuma kare fata daga saurin tsufa. "Amma kaɗan fa, Mma," in ji ta. Ita kuwa Mma Sahada ba ta san kaɗan ba. Ludayi uku ta zuba. Saura kwana huɗu bikin Zuera, 'yar limamin layinsu, kuma ta yi wa amaryar alkawarin haɗin da ba a taɓa gani ba ko a Nima, maƙwabciyar unguwarsu.

"Malam, miƙo hannu."

"Babu fili. Dama zogale, hagu darbejiya. Kin mayar da ni gona."

"To cire hula."

"Kan nawa, Sahada?"

"Fili ne Allah ya share. Wa zai gani?"

Ran Laraba ta shafe sanƙon kaf. Ƙaiƙayi dai bai yi ba. Sai dai su biyun sun manta alwala a masallaci sai an ture hula a gaban jama'a. Ran Juma'a, a bakin famfon masallaci, Imoro ya ture hula zai shafi kai, sai kowa ya juyo yana kallo. Kan ya rine, ruwan ɗorawa, yana ta sheƙi a rana.

Amininsa Mutawakil ya matso ya leƙa. "Chale, abokina, wannan kai ne ko nunannen mangwaro?"

Liman ma ya tsaya. "Subhanallahi! Malam Imoro, ciwon shawara ne?"

Imoro ya mayar da hularsa a natse. "Liman, ka gode wa Allah kawai. Da jibi fuskar 'yarka ce haka."

Da labari ya iso gida, Mma Sahada ta zuba wa kan ido, ta juya shi dama da hagu kamar mai tayin kabewa, sannan ta kife haɗin a kwata. Da man kaɗanya zalla aka gyara Zuera, ta fito fes. Imoro kuwa, mako biyu a gida yake alwala.