Kwamitin Kare Filin Bayan Makaranta

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset, ina aikin buga tafireta a ofishin wani lauya a Sabon Gari. Gidanmu yana can gefen Rijiyar Lemo, a wata 'yar unguwa da a lokacin ƙauye ce sosai: gidajen ƙasa, awaki, famfo ɗaya tal.

A tsakiyar unguwar akwai makarantar kwana ta 'yan mata, a bayanta kuma wani fili mai faɗi. Rabin filin juji ne. Ɗaya rabin kuwa lambun wani tsoho ne da muke kira Baba mai lambu, yana shuka salak da tumatir da albasa, yana ban ruwa daga kududdufi. Wata safiya sai ga ma'auna ƙasa sun zo da kayan aikinsu, suka bubbuga turaku suka tafi. Kafin azahar kowa ya ji labari: za a faɗaɗa makarantar, a gina ɗakunan kwana guda biyu da ɗakin cin abinci, a zagaye filin da katanga.

Bayan la'asar aka taru a zauren Alhaji mai goro, mutumin da ya fi kowa murya da rawani a unguwar. Nan take aka naɗa shi shugaban kwamiti. Aka sa Mama mai atamfa, wata Bayarabiya haifaffiyar Fagge, ta wakilci mata. Aka ƙara da wani kafinta Ibo da ya dawo Kano bayan yaƙi ya kama shago a bakin titi. Ni kuma aka ba ni sakatare, ba don hankalina ba, sai don tafiretar maigidana.

"Wannan filin na iyayenmu ne," in ji Alhaji, wanda bai fi shekara shida da tarewa a unguwar ba. "Rubuta, Malam."

Na rubuta. Alhaji ya ce katangar za ta sa hanyar masallaci ta yi nisa. Mama ta ce ɗaruruwan 'yan mata za su shanye ruwan famfonmu. Kafinta ya ce ƙararrawar makarantar ko yanzu tana hana shi barcin rana. Wani dattijo ya ce dariyar ɗalibai tana ɗauke hankalin samari. Na sa duka cikin Turancin lauyoyi mai nauyi, har da kalmomin da ni kaina sai na duba ƙamus. Lambun Baba kaɗai ba a ambata ba, don babu wanda ya tuna ya gayyace shi.

Washegari na kai masa takardar don ya dangwala yatsa. Na same shi a duƙe yana cire ciyawa. Na fassara masa abin da ke ciki, ya saurara har ƙarshe.

"Ina inda aka ce salak?" ya tambaye ni.

Na ce ai maganar fili gaba ɗaya ake yi, Baba.

"To, ku da kuka san fili ku sa hannu," ya ce, ya koma kan ciyawarsa.

Da muka kai takardar, shugabar makarantar ta karɓe mu a ofishinta, mace ce siririya mai tabarau da sanyin magana. Ta sa aka kawo mana lemo mai sanyi. Ta karanta takardar sau biyu, ta tambayi wanda ya rubuta. Na ɗaga hannu kamar ɗalibi. Ta ce ta daɗe ba ta ga rubutu mai tsabta irin wannan ba. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ita ma aikin nan damunta yake yi: siminti ya yi wuya a gari, ba ta san wanda zai haɗa mata gadaje ba, ga yadin yunifom na sababbin ɗalibai.

Bayan nan aka sake taruwa a zauren Alhaji. Sai Mama ta ce ita dai tana ganin ilimin mata abu ne mai kyau. Kafinta ya ce barcin rana dama ba ya ƙara lafiya. Alhaji ya gyara rawani ya ce tafiya mai nisa zuwa masallaci ai ƙarin lada ce. Ba a rushe kwamitin ba, an dai ɗage zama sai an sake kira.

Ba a yi wata biyu ba Alhaji ya bar goro ya zama ɗan kwangila, tireloli suna sauke siminti a kangonsa da ke jikin makarantar. Shagon kafinta ya cika da gadaje har kan titi. Mama ta kawo yadi shuɗi bandir-bandir, telolin Fagge suka yi ta ɗinki. Ba zan ware kaina ba: shugabar ta aiko a kira ni, na bar lauya na zama mai buga tafiretar makarantar. Takarda ta farko da na buga a can ita ce sanarwar a kwashe duk abin da ke filin cikin mako biyu.

Ni aka ba na kai wa Baba. Bai ce in fassara ba. Ya tumɓuke albasarsa tun ba ta gama ƙosawa ba, ya rarraba wa maƙwabta, har gidanmu aka kawo. Matata ta yi miya da ita, na ci, amma ban ƙara ba. Daga baya ya koma wurin ɗansa a wani ƙauye ta hanyar Katsina, ban sake ganinsa ba.

Bayan shekara uku makarantar ta yi suna. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suna kawo 'ya'yansu a mota daga ko'ina, 'yan unguwa kuwa sai a ce gurbi ya cika. 'Yar Alhaji ta faɗi jarrabawar shiga, jikar Mama ta ci amma babu gado. Sai Alhaji ya tuna kwamiti bai mutu ba. Aka sake taruwa, aka yanke shawarar a nemi makarantar ta ƙara ɗakuna saboda 'ya'yan unguwa. Ni na buga takardar, da tafiretar makarantar, lokacin hutun cin abinci.

Shugabar ta saurare mu da natsuwa. Ta ce ta yarda da kowace kalma, kuma hukuma ba za ta ƙi ba. Matsalar wuri ce kawai. Ta buɗe taga ta nuna mana da biro.

"Fili ɗaya ya rage a jikinmu," ta ce. "Kangon can da ake ajiye siminti."

Duk muka juya muka dubi Alhaji. Ya dubi agogonsa sabo, ya ce lokacin salla ya yi, ya miƙe. Saura kusan awa guda a kira azahar.