Madubin Babur a Jikin Keke

Wani dattijo yana tsaye a gabana a layin shingen iyakar Jibiya, riƙe da tsohon keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. A hannun keken akwai madubin babur mai tsaga, an ɗaure shi da waya. Ko a tsaye yake, idonsa na komawa kan madubin, kamar yadda nake yawan waiwaye tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu.

Na ce, "Baba, madubin babur a keke?"

"Shi kaɗai suka bar mini, ɗiyata. Babur ɗin yana daji wurinsu." Ya dubi rana. "In ba a sallame ni kafin la'asar ba, hanyar Mazanya ba ta biyuwa."

Jami'in shingen ko ɗago kai bai yi ba.

Shafi tamanin na rubuta a jami'a kan yadda gwamnati za ta sa mutane su rungumi keke: a ware musu hanya, a dasa itatuwa, a gina rumfunan ajiya. Har yaba mini aka yi. Babu shafin da ya ambaci tsoro.

Ga shi ana kiran la'asar. Yana nan a layi, yana goge madubin da hannun riga.